Araha Ko Inganci: Abin Da Iyalan Amurka Ke Aunawa Kafin Sayen Tirelar Tafi-Da-Gidanka

A watan Janairun kowace shekara, lokacin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Amurka, birnin Tampa na jihar Fulorida kan cika maƙil da baƙi da suka zo baje kolin motocin kwana. A watan Satumba kuma garin Hershey na jihar Pensilbaniya ke karɓar irin wannan taro. Abin da ya fi jan iyalai a waɗannan wurare shi ne tirelar tafi-da-gidanka, wato ɗaki a kan tayoyi wanda ba shi da inji, sai dai a maƙala shi a bayan a-kori-kura ko jif a ja shi. A cikinsa akwai gado, da kicin, da firji, da banɗaki, da teburin cin abinci. Iyali su ja abinsu su tafi bakin tafki ko gandun daji, su kwana a ciki, su dafa abincinsu, ba ruwansu da kuɗin otal.

Wanda ya zaga irin wannan fili zai ga uwa tana buɗe durowoyin kicin tana rufewa, yara sun haye gado mai hawa biyu suna rabon wurin kwana, maigida kuwa ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙura wa takardar farashi ido. A nan ruɗani yake farawa. Ga tireloli uku a jere, tsawonsu kusan ɗaya, kowacce tana ɗaukar mutum biyar ko shida. Ta farko dala dubu ashirin da 'yan kai, ta biyu ta haura dubu arba'in, ta uku mai ƙyalli kuwa ta wuce dubu ɗari. Idan aka leƙa ciki, fitilu da labule da kujeru duk sun yi kama da juna. To, mene ne mutum yake biya idan ya ƙara kuɗi, kuma me yake rasawa idan ya bi araha?

Amsar ba ta cikin abin da ido ke gani ranar baje koli. Tana cikin bango, da saman rufi, da ƙarƙashin daɓe, da kuma wata 'yar takarda mai ruwan ɗorawa da ke manne a jikin ƙofa wadda yawancin masu saye ba sa karantawa.

Gari ɗaya, kamfanoni kaɗan

Kafin a yi maganar inganci, sai an san inda kayan suke fitowa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na motoci da tirelolin kwana da ake ƙerawa a Amurka daga jihar Indiyana suke, musamman gundumar Elkhart da maƙwabtanta. Rayuwar yankin ta dogara da wannan sana'a ƙwarai, har ta kai idan kasuwar ta faɗi, garin ma ya faɗi. A farkon 2009, lokacin durƙushewar tattalin arziki, rashin aikin yi a Elkhart ya doshi kashi 20 cikin 100, abin da ya sa Shugaba Barack Obama ya je garin a watan Fabrairun shekarar don tallata shirinsa na farfaɗo da tattalin arziki.

Sunayen da ake liƙawa a jikin tireloli suna da yawa, amma masu su ƙalilan ne. Kamfanin Thor Industries, wanda aka kafa a 1980 lokacin da Wade Thompson da Peter Orthwein suka sayi Airstream, shi ne ke da Keystone, kuma a 2016 ya sayi Jayco kan dala miliyan 576. Forest River, wanda Peter Liegl ya kafa a 1996, ya koma hannun Berkshire Hathaway na attajiri Warren Buffett a 2005. Winnebago kuma ya sayi Grand Design a 2016. Waɗannan gidaje uku su ne ke riƙe da mafi yawan kasuwar.

Bayan haka, masana'antun ba su ne ke ƙera yawancin sassan ba, harhaɗawa suke yi. Casis da tagogi da ƙofofi galibi daga Lippert suke zuwa, sandunan da ke riƙe tayoyi daga Dexter ko Lippert, firji da na'urar sanyaya ɗaki daga kamfanoni irin su Dometic. Ke nan mutum zai iya biyan ninki biyu, ya koma gida da murhu ɗaya da famfo ɗaya da na mai araha. Wannan ita ce gaskiya ta farko da mai saye ya kamata ya riƙe: suna kaɗai ba ya tabbatar da inganci, tsada ma haka. Bambancin yana cikin kayan da aka gina jikin ɗakin da su, da kuma natsuwar hannun da ya harhaɗa.

Lokacin da aka yi rububi

A masana'antun Elkhart, inda 'yan ɗariƙar Amish da yawa ke aiki, an saba biyan ma'aikata gwargwadon adadin tirelolin da aka fitar a rana. Akan fara aiki tun da asuba, da zarar an cika adadin ranar kowa ya kama gabansa. Tsarin yana sa ma'aikaci ya samu kuɗi mai kauri, amma lada yana ga mai sauri, ba ga mai tsayawa ya sake duba noti ba.

Illar haka takan fito fili idan buƙata ta yi yawa. A lokacin annobar korona, da aka rufe otal-otal kuma mutane suka ji tsoron hawa jirgi, Amurkawa sun yi rububin sayen motocin kwana. Ƙungiyar masana'antun, RVIA, ta ce a 2021 an fitar da guda 600,240, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Zuwa 2023 ya sauko zuwa 313,174, kusan rabi ke nan. Masu tirela da masu gyara sun yi ta ƙorafi kan kayan da aka ƙera a shekarun rububin: bututun ruwa da ba a ɗaure da kyau ba, wayoyin lantarki a sake, ƙofar kabad da ke ɓallewa a tafiyar farko. Shi ya sa a kasuwar kayan hannu ta yau, mai hankali yakan tambayi shekarar ƙira kafin ya tambayi farashi.

Ba wannan ne karon farko da gaggawa ta haifi nawa ba. Bayan guguwar Katrina ta 2005, hukumar agajin gaggawa ta Amurka, FEMA, ta sayi dubban tireloli cikin hanzari don tsugunar da waɗanda suka rasa muhalli. Ba a jima ba mazauna ciki suka fara kukan ciwon kai da haɓo da sarƙewar numfashi. A watan Fabrairun 2008 cibiyar yaƙi da cututtuka ta CDC ta tabbatar da cewa iskar cikin tirelolin tana ɗauke da sinadarin fomaldihaid fiye da kima, wanda ke fitowa daga gam ɗin da aka manna katakon ciki da shi. A 2010 majalisar dokokin ƙasar ta yi dokar da ta ƙayyade yawan sinadarin a irin waɗannan katakai. Darasin a bayyane yake: abin da aka ɓoye a bayan fenti yana iya taɓa lafiyar yaran da za su kwana a ɗakin.

Abin da ke cikin bango

Hanyoyin gina jikin tirela guda huɗu ne suka fi yawa, kuma kowacce da farashinta da halinta.

Mafi araha ita ce ta katako da kwano. Ana kafa firam na katako, a cusa audugar da ke tare zafi da sanyi a tsakani, a rufe waje da kwanon alminiyom mai gurbi-gurbi. Raina ta kuskure ne. Kowane kafinta zai iya gyara ta, idan wani gefe ya lotse a cire fallen a sa wani. Matsalarta ita ce kwanon yana saurin lotsewa idan ƙanƙara ta zubo, katakon kuma yana ruɓewa idan ruwa ya same shi.

Ta biyu ita ce mai bango sumul na faiba. Ana yin firam na alminiyom, a sa soso mai tauri a tsakiya, a manna filawud da fallen faiba da gam a matse su su zama allo ɗaya. Ta fi kyan gani, ta fi sauƙin wankewa, kuma ta fi tsada. Amma idan ruwa ya ratsa ya jiƙa filawud ɗin, gam ya saki, sai bangon ya kumbura ya yi tozo. Gyaran wannan yakan ci dubban daloli, wani lokaci ma ya fi ƙarfin darajar tirelar. Wasu masana'antu suna maye gurbin filawud da wani allo na roba mai suna Azdel wanda ba ya shan ruwa. Irin wannan ƙari ne ya cancanci a biya masa kuɗi.

Ta uku ita ce wadda ake zuba faiba a cikin ma'auni, a fito da ɓari biyu, sama da ƙasa, a haɗa su. Ƙananan kamfanoni ne ke yin ta: Scamp a Minisota, Casita a Teksas, Oliver a Tenesi, Escape a Kanada. Da yake mahaɗarta kaɗan ce, ruwa ba ya samun ƙofa da yawa, don haka takan daɗe kuma ba ta faɗuwa a kasuwa da wuri. Sai dai yawancinsu ƙanana ne, iyali mai yara huɗu zai takura.

Ta huɗu ita ce Airstream, mai jikin alminiyom mai ƙyalli da ake haɗawa da ƙusoshi irin na jikin jirgin sama. Wally Byam ne ya fara ta a shekarun 1930, kuma tun 1952 ake ƙera ta a Jackson Center ta jihar Ohayo. Har yau ana ganin waɗanda suka shekara hamsin suna yawo a kan titi. Amma ko ƙaramar cikinsu tana da tsada, manyan sun haura dala dubu 150, kuma ita ma tana yoyo idan aka yi sakaci, daɓenta na iya ruɓewa.

Ruwa ne babban abokin gaba

Masu tirela suna da wata magana da suke yawan faɗa: duk lokacin da ka hau titi da ita, gidanka ne ka saka cikin girgizar ƙasa da guguwa a lokaci guda. Jijjiga tana kwance noti, tana buɗe mahaɗa, iska kuma tana tura ruwan sama cikin duk kafar da ta samu. Masu gyara sun yi ittifaƙi cewa abin da ya fi kashe tirela shi ne yoyo.

Rufin yawancinsu shimfiɗar roba ce a kan filawud. An huda ta a wurare da dama don na'urar sanyaya ɗaki, da tagar sama, da bututun fitar da wari, da eriya. Kowace huda gam ne kaɗai ya toshe ta, rana kuwa tana busar da gam har ya tsage. Littattafan da masana'antu ke bayarwa suna umartar mai tirela ya riƙa hawa yana duba waɗannan wurare a kai a kai, kuma idan bai yi ba, garanti ba zai biya ɓarnar ruwa ba. Wanda ya sayi mai tsada ya manta da rufinta, da wanda ya sayi mai araha yana kula da ita, na biyun ne zai fi daɗewa da tasa.

Akwai kuma ɗakin da ke zurowa waje. Idan an isa masauki sai a danna maɓalli, wani ɓangare na bango ya turo waje, falo ya ƙara faɗi. Iyalai suna son sa, kuma da gaskiyarsu. Amma kowane ɗaya ƙarin nauyi ne, ƙarin inji mai juyawa da zai iya maƙalewa, da ƙarin robar da ruwa zai iya bi. Tirela mai irin wannan ɗaki uku tana da wuraren lalacewa fiye da mai ɗaya.

A yankunan sanyi kuma, ruwan da ke cikin bututu ma abin tsoro ne. Idan hunturu ya shigo ba a zuƙe shi an zuba maganin hana daskarewa ba, sai ya zama ƙanƙara ya fasa bututu da famfo da tankin dumama ruwa. Ɓarnar ba za ta bayyana ba sai bazara, ranar da aka kunna famfo ruwa ya malale daɓe.

Nauyi: inda maganar ta zama ta rai

Kuskure a zaɓen bango asarar kuɗi yake jawowa. Kuskure a lissafin nauyi kuwa yana iya jawo asarar rai. Mai sayarwa yakan nuna nauyin tirela a lokacin da take fayau, ba ruwa, ba kaya, ba abinci. Adadin da ya kamata a duba shi ne iyakar nauyin da aka yarda ta kai bayan an loda ta, wanda ke rubuce a jikinta. 'Yar takardar nan mai ruwan ɗorawa kuma tana faɗin yawan kayan da za ta iya ɗauka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tanki mai lita 150 ya cinye kilo 150 tun ba a saka tukunya ko keken yaro ba. Tirela mai araha da aka ɗora a kan siririn casis da ƙananan tayoyi takan bar wa iyali ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Sannan ga motar da za ta ja. Talla takan ce wannan a-kori-kura tana jan kilo 4,500, sai maigida ya ga tirelarsa kilo 3,000 ce, hankalinsa ya kwanta. Amma akwai wani adadi a jikin ƙofar direba da ke faɗin nauyin da motar kanta za ta iya ɗauka. Ƙa'ida ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirela ya sauka a kan ƙugiyar bayan mota, idan bai kai haka ba sai ta riƙa lilo a kan titi. Mu ɗauki misali: motar da aka yarda ta ɗauki kilo 700. Uba da uwa da yara uku kilo 280, kayan da ke bayan mota kilo 90, ƙarfen ƙugiya kilo 40, saura 290. Tirela mai kilo 3,000 idan ta sauke kashi 13 cikin 100, kilo 390 ke nan. An zarce iyaka da kilo 100, duk da cewa a takardar talla akwai sauran fili. Motar da aka yi wa haka gabanta yakan ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako, birki ya ƙi kamawa da wuri.

Iyalai da yawa sai bayan sun saya suke gano cewa dole su canza mota, abin da kan ci kuɗin da ya fi na tirelar. Hanyar kauce wa haka mai sauƙi ce: a fara da motar da ake da ita, a karanta adadin da ke ƙofarta, sannan a nemi tirelar da ta dace. Bayan an loda kuma, a je sikelin manyan motoci da ke gidajen mai na bakin babbar hanya a auna, kuɗin bai kai na cin abincin rana na iyali ba. Kada a yi tsumulmula wajen ƙugiyar da ke rarraba nauyi da hana lilo, da na'urar da ke haɗa birkin mota da na tirela.

Tayoyi ma wuri ne da masana'antu ke rage kuɗi. Da yawa daga tayoyin tirela an yi su ne don gudun da bai wuce kilomita 105 a awa ba, sai dai in an rubuta akasin haka a jikinsu. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya suna nuna mako da shekarar ƙira: 2321 na nufin mako na 23 na 2021. Tayar tirela tsufa ke kashe ta tun zanenta bai cinye ba, kuma idan ta fashe a guje takan yage daɓe da bututu da wayoyin da ke samanta.

Farashin takarda da kuɗin gaske

Farashin da masana'anta ta rubuta a takarda mafarin ciniki ne kawai. Ba abin mamaki ba ne dila ya rage kashi ɗaya cikin huɗu, musamman a ƙarshen kaka idan sabbin ƙira sun iso. Amma abin da aka rage ta gaba ana iya maido shi ta baya: kuɗin dako daga Indiyana, kuɗin shirya tirela, kuɗin takardu, ƙarin garanti, maganin kare fenti. Mai wayo yakan ce a rubuta masa jimillar abin da zai biya ya fita da ita daga ƙofa, ya kai wa dila na biyu da na uku su ma su faɗi nasu.

Babban tarko shi ne bashi. Tambayar da ake yi wa mai saye ita ce nawa zai iya biya a wata, sai a shimfiɗa bashin shekara 10 ko 15, wani lokaci har 20. A ce mutum ya ci bashin dala 30,000 da kuɗin ruwa kashi 9 cikin 100 na shekara 15. Zai riƙa biyan kimanin dala 304 a wata, abin da ba ya tayar da hankali. Amma a ƙarshe ya biya kusan dala 54,800, wato kuɗin ruwa kaɗai ya doshi 24,800. A halin nan darajar tirelar tana zubewa tun daga ranar da ta bar wurin dila, har ta kai shekaru da dama bashin da ke kansa ya fi abin da za a saye ta. Ga Musulmi mazaunin Amurka, maganar riba kaɗai ta isa ta sa ya tara kuɗinsa ya sayi wadda aljihunsa zai iya a dunƙule, kuma lissafi ma yana bayansa.

Bayan saye akwai inshora, da rajista, da kuɗin ajiya, domin unguwanni da yawa ba sa yarda a ajiye tirela a ƙofar gida. Akwai kuɗin fili a sansani, da gas, da man mota wanda shansa ke ƙaruwa sosai idan ana ja. Idan iyalin nan mai biyan 304 a wata dare 20 kawai suke kwana a ciki a shekara, kowane dare ya tsaya musu a kan dala 182 daga bashi kaɗai. Wanda ya yi wannan lissafi tsakaninsa da Allah zai iya gano cewa haya ta fi masa. Shafukan Outdoorsy da RVshare suna haɗa masu tirela da masu son haya, kuma mako guda a cikin ta haya yana koya wa iyali abin da yawon baje koli ba zai koya musu ba.

Garanti da layin gyara

Yawancin masana'antu garantin shekara ɗaya suke bayarwa, wasu biyu, wasu kuma su ƙara shekara uku a kan ƙashin ginin. Amma firji da murhu da sauran na'urori kowanne da garantin kamfanin da ya yi shi, don haka idan abu ya lalace akan yi ta tura mutum daga wannan ofis zuwa wancan. Dokokin da ke tilasta wa kamfani karɓar sabuwar motar da ta ƙi gyaruwa, a jihohi da dama ba su shafi tirela ba. Ga kuma ƙarancin makanikai: tirela takan yi makonni, wani lokaci watanni, a harabar dila tana jiran kayan gyara, lokacin hutun yara yana wucewa, bashi kuma ba ya jira. Wasu dilolin sukan sa wanda ya saya a wurinsu a gaban layi. Saboda haka ragin dala dubu biyu daga dila mai nisan kwana guda a mota na iya zama asara idan aka kwatanta da na kusa wanda aka san shi da cika alkawari.

Sabuwa ko ta hannu

Tirelar da ta shekara uku zuwa biyar a hannun mai kula sau da yawa ta fi sabuwa riba. Mai ita na farko ya sha faɗuwar daraja, ya kuma gyara kurakuran masana'anta. Amma a nan ne ba a cinikin biri a sama. A shiga a rufe ƙofa a shaƙi iskar ɗakin, warin fumfuna ba ya ɓuya. A taka daɓe a gaban banɗaki da bakin ƙofa a ji ko yana lotsawa. A buɗe kabad na sama a haska tocila a kusurwoyi a nemi tabon ruwa. A danna bango a ƙarƙashin kowace taga. A tsaya a gefe da hantsi a kalli jikinta a karkace, kumburi zai nuna kansa. A hau rufi, a kuma kwanta a leƙa ƙasa a nemi tsatsa da tsagewa a casis. A kunna komai: famfo, murhu, firji, na'urar gano hayaƙi da ta gano yoyon gas. A saka lambar casis a shafin hukumar kiyaye haɗurra ta NHTSA a ga ko an taɓa kiran irinta don gyara.

Wanda bai yarda da idonsa ba ya ɗauki mai duba mai zaman kansa, irin waɗanda ƙungiyar NRVIA ke ba shaida. Kuɗinsa 'yan ɗaruruwan daloli ne zuwa sama kaɗan, kuma ko sabuwa ce ya cancanta. A Birtaniya an daɗe da sabawa da auna danshin bango da na'ura kafin a sayi ta hannu, al'adar da ta kamata kowa ya ɗauka. Muhimmin abu shi ne a gyara duk abin da aka gano kafin a sa hannu, domin kafin biya mai saye ne ke da ta cewa.

Girman da ya dace da iyali

Babbar tirela tana burgewa a fili, amma yawancin sansanonin gandun dajin gwamnati an gina su tun zamanin da tireloli ke ƙanana, kuma da yawa suna da iyakar tsawo. Ƙarama ƙwarai mai bangon tamfol ita ma tana da nata cikas: a sansanin Fishing Bridge na gandun Yellowstone ba a karɓar sai mai bango mai tauri, saboda namun dajin da ke yawo a wurin. Abin dubawa shi ne rayuwar yau da kullum. Shin kowane yaro yana da gadonsa, ko sai an naɗe tebur kowane dare? Za a iya shiga banɗaki da buɗe firji a bakin hanya ba tare da an zuro ɗakin gefe ba? Gadon da ya ishi ɗan shekara takwas zai ishe shi bayan shekara biyar? Ina za a zauna idan ruwa ya wuni yana zuba?

Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a wannan kasuwa maganar ta tabbata. Sai dai tsada ma ba ta isa shaida ba. Kuɗin da aka kashe a kan talabijin na waje da fitilu masu launi da murhun ado ba ya ƙara wa tirela ko shekara ɗaya. Kuɗin da aka kashe a kan casis mai ƙarfi, da bangon da ba ya shan ruwa, da tayoyi nagari, da ƙugiya mai kyau, da mai duba na gaskiya, shi ne ke dawowa da riba. Ga duk maigidan da ke shirin wannan saye: ka fara da motarka, ka bi da aljihunka, ka yi haya ka gwada, sannan ka sayi ƙaramar da aka gina da kyau wadda za ka iya biya ba tare da doguwar igiyar bashi ba. Ka kuma ware wani abu don gyara tun ranar farko, domin iyalinka ne za su kwana a ciki, kuma su ne za su zauna a motar da ke jan ta.